Uwa Tana Magana, 'Ya Tana Shiru: Fashin Baƙi kan Wasan Daɓe da Lalurar Galahanga

A watan Fabrairun 2019, wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo da ke kudancin Landan, Southwark Playhouse, ya buɗe wani wasa mai suna All in a Row, wanda Alex Oates ya rubuta. Taurari huɗu ne: uwa, uba, wani saurayi da ake biya yana taya su raino, sai ɗansu Laurence mai shekara 11, wanda ke da lalurar galahanga kuma ba ya magana. Labarin duk na dare ɗaya ne, domin washegari za a ɗauke yaron a kai shi makarantar kwana ta musamman. Ukun farko mutane ne masu jini a jika. Laurence kuwa 'yar tsana aka yi shi, mai fuska ruwan toka, wani na riƙe da ita yana motsa ta.

Tun ba a buɗe labule ba rigima ta tashi. Babbar ƙungiyar da ke kula da lamarin a Birtaniya, National Autistic Society, wadda masu wasan suka nemi shawararta, ta fito ta ce ba za ta goyi bayansa ba. Manya masu wannan lalura suka cika Twitter da ƙorafi: kowa a kan dandamali mutum ne, ban da wanda ya yi kama da mu. Su kuma masu wasan suka kare kansu da hujjar da ba ta banza ba ce. Marubucin ya yi shekaru yana aikin kula da irin waɗannan yara, kuma a cikin wasan akwai cizo da duka da kokawa, abin da ba za a sa ƙaramin yaro ya riƙa yi kowane dare ba.

Ina ganin duk ɓangarorin biyu sun faɗi gaskiya, kuma shi ya sa wannan wasa ya dace a fara da shi, duk da cewa yaron cikinsa namiji ne. 'Yar tsanar ta fito da abin da sauran wasanni irinsa ke yi a ɓoye. Akwai wasanni da dama da mutum ne ke taka rawar yaron ko yarinyar, amma in ka duba rubutun da kyau, 'yar tsana ce: ana ɗaga ta, ana ajiye ta, ana kuka a kanta, ita kuwa ba ta son komai, ba ta ƙin komai, ba ta sa komai ya faru. Wanda zai yi nazarin wasa a kan uwa mai rainon 'ya mai galahanga, a nan aikinsa yake.

Kafin mu yi nisa, a gyara kalma. Galahanga a bakin mutane buhu ce da ake zuba lalurori da yawa a ciki, har da waɗanda ba su da dangantaka da juna. Wadda nake nufi ita ce wadda likitoci ke kira otizim: bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga yarinta, yana taɓa yadda mutum ke cuɗanya da mutane da isar da saƙo, yana sa shi son abu ya riƙa maimaituwa a tsari ɗaya, kuma sau da yawa ƙara ko haske ko taɓawa kan zo masa da ƙarfin da ya wuce na sauran jama'a. Wani yana magana tiryan-tiryan har ya zama farfesa, kamar Temple Grandin ta Amurka. Wani kuma har ya tsufa bai haɗa jimla ba.

To, matsalar farko ta sana'ar ce kanta. Wasan kwaikwayo da baki ake gina shi. Marubucin ƙagaggen labari yana iya shiga zuciyar yarinyar da ba ta magana ya gaya mana abin da take ji. Mai ɗaukar fim yana iya matso da kyamara kan yatsunta. Marubucin wasan daɓe ba shi da komai sai abin da aka faɗa da abin da aka yi a gaban 'yan kallo. Idan ɗaya daga cikin taurari biyu ba ta magana, dukkan kalmomi sai su gangara wajen ɗayar, kamar ruwa da ya sami kwari. Uwa ce za ta ba mu tarihin ciki da haihuwa, ita za ta gaya mana abin da likita ya ce, ita za ta fassara mana ihun 'yarta. Kafin a kai rabin wasa mun zama 'yan gidan uwa. Muna ganin yarinyar da idonta, muna gajiya da gajiyarta. Ba mugunta marubucin ya yi ba. Hanyar da ta fi sauƙi ya bi.

Akwai kuma dalilin tarihi da ya sa marubuta ke rawar jiki wajen wanke uwa, kuma wanda bai san shi ba zai yi wa wasannin Turai da Amurka gurguwar fahimta. A 1943 Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins, ya wallafa bayanin yara 11 da ya ga suna da wannan hali. A ciki ya yi tsokaci cewa iyayensu ba su da fara'a da sakin jiki, daga baya ma ya kwatanta yaran da waɗanda aka ajiye a firji. Daga nan aka sami laƙabin uwa mai sanyin firji. Bruno Bettelheim na Jami'ar Shikago ya ɗauki zancen ya kai shi ƙarshe a littafinsa na 1967. Shi da kansa ya taɓa zaman sansanin 'yan Nazi a Dachau da Buchenwald, sai ya kwatanta yaron da fursunan sansani, iyaye kuma da masu gadi. A taƙaice, uwa ce ta ƙi ɗanta a zuciya, shi kuma ya rufe ƙofa. Shekaru aka yi mata suna shiga ofishin likita da yaro a hannu, suna fitowa da laifi a ka.

Iyayen ne suka rushe wannan zance da kansu. Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa ke da lalurar, ya kawo hujja a 1964 cewa abin daga halitta yake. Clara Claiborne Park ta rubuta labarin rainon 'yarta a 1967, shekarar da Bettelheim ya fitar da nasa littafin. A Ingila kuma akwai Lorna Wing, likitar ƙwaƙwalwa, wadda 'yarta Susie ke da galahanga. Tana cikin iyayen da suka kafa ƙungiyar nan a 1962, wato ita wannan da ta juya wa wasan 'yar tsana baya bayan shekara 57, kuma Wing ɗin ce ta yaɗa fahimtar cewa lalurar hawa-hawa ce, ba fuska ɗaya gare ta ba. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a 1977 ya nuna gado na da babban hannu a ciki. Shi kansa Kanner, a wani taron iyaye a 1969, ya tsaya ya ce ya wanke su daga laifi.

Saboda haka in ka ga wasa ya mai da uwa waliyyiya, wadda ba ta taɓa ɗaga murya, ka san bashin tarihi ake biya. Sai dai biyan ya zo da nasa cikas. Don uwa ta zama waliyyiya, dole 'yar ta zama jarrabawa, ita kuwa jarrabawa ba a tambayar ta me take so. A nan ma zan yaba wa wasan Oates: iyayen cikinsa ba waliyyai ba ne, suna faɗa, suna zargin juna, suna faɗin maganar da iyaye kan haɗiye. Wasu iyaye da suka kalla sun ga gidansu a ciki. Gaskiyar da ya faɗa game da iyaye ce ta sa rashin yaron ya ƙara fitowa fili.

Sai batun 'ya mace, wanda shi ne ya fi ja min hankali. Cikin yaran Kanner 11, uku ne kawai mata. Yara huɗun da wani likitan yara, Hans Asperger, ya yi bayani a kansu a Ostiriya a 1944 duk maza ne. An daɗe ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna cewa in aka bi jama'a aka duba, ba a jira waɗanda aka kai asibiti ba, abin ya fi kusa da uku ga ɗaya. Wato akwai mata da yawa da ido ke tsallakewa. Dalili ɗaya shi ne 'yan mata kan koyi ɓoyewa: su kwaikwayi dariyar ƙawaye, su haddace gaisuwa, su daure a makaranta, sai an dawo gida abin ya fashe a kan uwa. Malama ta ce yarinyar ba ta da matsala. Uwa ta ce ku zo ku kwana.

Dandamali ya bi sawun asibiti. Tauraron da duniya ta fi dangantawa da galahanga a wasan daɓe shi ne Christopher na The Curious Incident of the Dog in the Night-Time, wanda aka fara a babban gidan wasa na ƙasa a Landan a 2012: namiji, gwanin lissafi. Sai a 2017, a Amurka, aka ba wani mai lalurar, Mickey Rowe, wannan rawa. Inda aka sami yarinya, kamar Spoonface Steinberg na Lee Hall, wanda aka fara sa wa a rediyon BBC a 1997 kafin a kai shi dandamali, an ba ta baki ƙwarai, ita kaɗai ke magana daga farko har ƙarshe. Amma 'yar shekara bakwai ce, kuma ciwon daji na gab da ɗauke ta. Ba za ta kai shekarun da tambayoyi masu wuya ke farawa ba.

Su kuwa tambayoyin, duk uwar da ke rainon irin wannan 'ya ta san su. Ranar da jinin al'ada ya zo wa yarinyar da ƙunzugu ke damun fatarta, yaya za a yi? Wa za a bar ta da shi in an fita unguwa, alhali in an taɓa ta ba za ta iya faɗa ba? In uwa ta kwanta dama, hannun wa za ta faɗa? Wasan da ya tsaya a kan 'yar shekara biyar mai kyawun fuska ya zaɓi sashen da ya fi sauƙin sa mutane hawaye.

In aka kawo irin wannan wasa gaban 'yan kallo Hausawa, a zauren wata jami'a ko a dandalin gari, abubuwa biyu za su juye, kuma mai nazari ya lura da su. Na farko, alamun da ɗan kallo na Landan zai gani ya gane, mu yabo muke yi musu. Yarinya ba ta kallon babba ido cikin ido? Tarbiyya. Ba ta shiga cikin yara, tana gefe ita kaɗai? Ai shiru-shiru ce, mai kunya, Allah ya yi mata albarka. Sai ta kai shekara huɗu ba baki, ko ta fara buga kai a bango, sannan yabo ya koma tsegumi: 'yar ruwa ce, shafar aljanu ce, kishiya ce ta yi sammu. Na biyu, uwar da ba ta rungumar 'yarta a gaban mutane, ba ta ko kama sunanta saboda 'yar fari ce, Bettelheim da ya gan ta da ya ce ga firjin nan. Mu kuwa mun san alkunya ce. Darakta da ya kwaso runguma da sumba daga wasan Turai ya ɗora wa uwa Bahaushiya don ya nuna tana son 'yarta, ya ɓata rawarsa da tsalle. Sonta yana cikin tuwon da ta tuƙa daban saboda yarinyar ba ta cin mai gudaji.

Laifin dai bai sauka daga kan uwa ba, bakin mai ɗora shi ne ya canza. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Maimakon likita, suruka ce za ta ce, “Mu dai a danginmu ba a taɓa yin irin wannan ba.” Ƙanwar miji ta ce, “Yaya, ke ce kika shagwaɓa ta, da za ki ba ni ita wata ɗaya da kin ga canji.”

Bari mu ƙaddara fitowa ɗaya mu gani a kusa. Tsakar gida, ranar Juma'a da hantsi, za a je biki da yamma. Uwa na kan kujera 'yar tsugunno, 'yarta mai shekara 13 na zaune a tabarma a gabanta, za a yi kitso.

Ga yadda aka saba shirya ta. Uwa ta sa kibiya, yarinya ta ƙwalla ihu, ta fizge kai, ta kifar da man kitso. Uwa ta yi jifa da mataji, haske ya taru a fuskarta, ta fuskanci 'yan kallo ta yi doguwar magana a kan shekarun da ta yi ba barci. Ana jin shessheƙa a zaure. An tafa. Amma tambayi kowa a wurin me ya sa yarinyar ta yi ihu, zai ce ai lalurarta ce.

Ga wata hanyar kuma, da 'yan wasa iri ɗaya, ba a ƙara wa yarinyar ko kalma ɗaya ba. Kafin uwa ta zauna, yarinyar ta ture kwalbar mai guda, ta jawo ɗayar: ta zaɓa. Tana riƙe da murfin lemo tana juya shi a tafin hannu. Uwa ta ɗaga yatsu biyar a gabanta, ta ce, “Biyar ne, Nana. Biyar mu tashi.” Ta fara daga ƙeya, domin ta san gaban goshi ya fi yi mata zafi. Duk kitso ɗaya in ya ƙare, yarinyar ta ajiye tsakuwa ɗaya a gefen tabarma. Janaretan maƙwabta ya tashi, mai kula da sauti ya ɗaga ƙararsa fiye da ƙima har 'yan kallo su ji ta a haƙoransu; yarinyar ta toshe kunne ɗaya, ta daure. Tsakuwa huɗu. Biyar. Ta yunƙura za ta tashi, sai ga gwaggo ta shigo da mayafi a kafaɗa: “Haba, haka za a kai ta gidan biki? Ƙara mata biyu a gaba mana.” Uwa ta dubi gwaggo, ta dubi tsakuwoyin, ta sa kibiya.

Ihun da zai biyo baya iri ɗaya ne da na farko. Bambancin shi ne yanzu kowa a zauren ya san an karya alkawari, ya san wanda ya karya, ya kuma san dalilin da ya sa ta karya. Yarinyar ta zama mai haƙƙi. Uwar ta zama mutum, mai so, mai jin nauyin dangin miji, mai kuskure. Rikici ya samu tsakanin mutum biyu da kowacce ke son wani abu, wanda shi ne ƙashin bayan kowane wasa. A hanyar farko babu rikici, akwai dai mace da masifa.

Wani tarkon kuma yana jira a ƙarshen wasa. Al'adar wasan kwaikwayo tana son a ƙulla sannan a warware, tana son sanadi da magani. Galahanga ba ta da mugu guda da za a nuna da yatsa, kuma ba ciwo ba ne da ake sha wa magani ya tafi. Marubucin da ya matsu sai ya ƙirƙiro. Wani ya jingina abin ga allurar rigakafi, zancen da ya samo asali daga takardar Andrew Wakefield ta 1998, wadda mujallar Lancet ta janye a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya a wannan shekarar. A Arewa, inda aka taɓa dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, jefa irin wannan magana a bakin tauraruwa ba ƙaramin ganganci ba ne. Wani kuma ya ajiye mu'ujiza a fitowar ƙarshe: yarinyar da ba ta taɓa magana ba ta ɗago kai ta ce “Umma.” Zaure ya rushe da kuka. Ni wannan fitowa haushi take ba ni. Tana gaya wa uwar da ke zaune a layi na uku, wadda 'yarta ta kai ashirin ba ta faɗi kalmar ba, cewa nata labarin bai kai inda ake tafi ba. Tana kuma nuna cewa duk tsakuwoyin da yarinyar ta jera, da kwalbar da ta ture, ba magana ba ne sai an ji sauti.

Game da wanda zai taka rawar, ba na cikin masu cewa haramun ne wanda ba shi da lalurar ya taka. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma akwai alamar da ke tona asirin 'yar wasan da ta koyi abin daga nesa: tana kaɗa hannu, tana jijjiga jiki daga farkon wasa har ƙarshe, ba dalili. A zahiri wannan motsi yana da lokacinsa. Yana zuwa da murna, yana zuwa da tsoro, yana kwantar da hankali in hayaniya ta yi yawa, kuma uwa tana karanta shi kamar yadda manomi ke karanta hadari. In motsin bai canza da abin da ke faruwa a fitowa ba, ado ne aka yafa. Ko da ba a sami 'yar wasa mai lalurar ba, ana iya zaunar da masu ita a wurin gwaji tun rubutu bai bushe ba, ba sai an buga tikiti a je neman sa albarka ba.

Saura batun 'yan kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga; a Amurka, inda ake bincike sosai, alƙaluman da aka fitar a 2023 sun ce 1 cikin 36 na 'yan shekara takwas. Ke nan zaure mai kujera 300 da wuya a rasa iyalan da abin ya shafa a cikinsa. Amma wa ya zo, wa aka bari a gida? Gidan wasa wuri ne na duhu, da ƙara ba zato, da dokar zama shiru awa biyu, wato an tara duk abin da yarinyar ba ta iya ɗauka a ɗaki guda. A watan Oktoban 2011 aka yi wani zama na musamman na The Lion King a Niyok saboda irin waɗannan iyalai: aka rage ƙarar sauti, aka bar fitilun zaure a ɗan kunne, aka ware wurin hutawa a waje, wanda ya ga dama ya tashi ya zaga ya dawo, ba mai harararsa. Daga baya gidajen wasa da yawa a Amurka da Birtaniya suka mai da shi al'ada. Masu shirya wasa don ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa galahanga tun 2007, ba sa bukatar kuɗin Niyok kafin su yi haka. A sassauta lasifika, a bar ƙofar baya a buɗe, a shimfiɗa tabarma a wajen zaure, a kuma gaya wa mai tsaron ƙofa tun da wuri cewa in ya ga yarinya ta toshe kunne tana kai da komo a bayan kujeru, da gayyata ta zo.